Fitilar Maroko a ɗakin amarya: Sirrin yana wajen ƙwai, ba tsadar tagulla ba

Da zarar masara da waken suya sun shiga rumbu, sai hidimar biki ta kankama a Funtuwa da Malumfashi da Bakori da Ƙafur. Iyaye kan zuba kuɗin kaka a gado da kujeru da labule, amma fitila sai a ƙarshe ake tunawa da ita: ƙwai guda fari fat a tsakiyar rufi, ɗakin amarya ya koma tamkar ɗakin shan magani.

Shi ya sa hotunan fitilun Maroko da ke yawo a Instagram da TikTok ke jan hankali. Maƙeran biranen Fas da Marrakesh ne suka shahara da ƙera su. Sukan buge tagulla ta yi falle, su huda ta da hannu bisa zane, wani lokaci su liƙa gilashi mai launi. In aka kunna, haske ya fito ta hudojin ya zana bango da rufi, ba tare da ya soki ido ba.

Sai dai tagullar kaɗai ba ta kawo wannan taushin haske. Aikin na ƙwan da ke ciki ne. A jikin kwalin ƙwan LED yawanci akwai lamba mai harafin K. Mai 6500K shi ne fari fat ɗin nan da ya cika kasuwa. Mai 2700K zuwa 3000K kuwa ruwan ɗorawa ne, kusa da hasken fitilar ƙwai da aci-balbal da aka taso da su. Masana barci sun nuna cewa farin haske mai ƙarfi da dare yana rage sinadarin melatonin da ke shirya jiki ya yi barci.

Akwai kuma batun aljihu. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, tayar da janareta don haske kawai ya gagari gidaje da dama. A watan Oktoban 2024 kuma, lalacewar manyan layukan lantarki ta jefa jihohin da KEDCO ke bai wa wuta, har da Katsina, cikin duhu na kwanaki. Ƙwan LED mai wat 5 yana ba da haske kusan daidai da tsohon ƙwai mai wat 40, don haka ƙaramar sola da batir sun ishe shi. Wanda solarsa ba ta da inbata sai ya nemi ƙwai mai bolt 12.

Ba dole sai an yi odar fitilar daga waje ba. Maƙerin da ke yin rariya da mazurari da gwangwani zai iya huda murfin fitila in aka nuna masa zane. Haka mai zanen ƙwarya: busasshen duma da aka huhhuda yana watsa haske mai kyau, kuma kuɗin ya tsaya a hannun mai sana'a na gida. Alaƙar ma tsohuwa ce, domin jar fatar awakin Sakkwato da Kano da fatake ke ƙetara Sahara da ita, ita ce Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko.

Amma a kiyaye abu biyu. Kada a sa kyandir ko tsohon ƙwai mai zafi a cikin ƙwarya, musamman da hunturu lokacin da gobara ke yawa, kuma in murfin na ƙarfe ne, mai gyaran wuta ya haɗa wayar don gudun jan lantarki. Na biyu, fitilar ado ba ta karatu ba ce. Yaro mai aikin makaranta da uwargida a madafa suna buƙatar haske sosai.

Saboda haka mai shirin jere ya raba wutar gida biyu, kowace da makunninta: fara ta aiki, ruwan ɗorawa ta hira bayan isha'i.