Lafanda mai haƙora da randar bazara

A tsaunukan Maroko da Aljeriya da kudancin Sifaniya, inda ƙasa duk tsakuwa ce da duwatsu, akwai wani ɗan tsiro mai ƙamshi wanda da wuya ya wuce ƙugun mutum a tsayi. Yana nan kuma a tuddan Habasha da Yaman da kudu maso yammacin Saudiyya. Masanin tsirrai Carl Linnaeus ne ya raɗa masa suna Lavandula dentata a 1753. Danginsu ɗaya da na'ana'a da ɗaɗɗoya, shi ya sa idan ka murza ɗanyen karansa tsakanin yatsu za ka ji kusurwa huɗu, ganyen kuma bibbiyu suke fitowa suna fuskantar juna.

Ganyen nan shi ya fi ɗaukar hankalina. Siriri ne, gefensa a jere da ƙananan haƙora marasa kaifi, bakinsa ya ɗan naɗe ta ƙasa, jikinsa lulluɓe da gashi mai laushi da ke sa korensa ya yi toka-toka.

Duk wanda ya ga yadda uwargida ke tattalin randa a tsakiyar bazara ya san aikin ganyen nan. Takan girke ta a inuwa, ta rufe bakinta da faifai, ta sa ido kan moɗa kada yara su yi ɓarna. Gashin shi ne inuwar, yana mayar da hasken rana, yana kare busasshiyar iska. Naɗewar bakin ganyen ita ce faifan, tana rufa wa ƙofofin numfashin da ruwa ke sulalewa ta cikinsu. Tsakanin gashin kuma akwai 'yan mitsi-mitsin jakunkunan mai, masu fashewa da an taɓa, su bar danƙo da ƙanshin kafur a hannu. Ɗacin man na rage wa dabbobi da ƙwari sha'awar cinsa.

Furen ruwan shuni-shuni ne, cunkushe a kan dogon tsinke, zuma na sonsa ƙwarai.

Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda masu shuka shi a tukunya ke kashe shi da ban-ruwa safe da yamma. Saiwarsa ta saba da ƙasar da ruwa ke bi ya wuce, idan laima ta kwanta mata sai ta ruɓe. A haɗa masa yashi da tsakuwa, a ajiye shi a rana, a bar ƙasar ta bushe kafin a ƙara masa ruwa.