YARO MAI ƘWAZO DA LISSAFIN SAU: YADDA IYAYE MANOMA ZA SU TAIMAKA

'Yan'uwa manoma, akwai wani kuka da muke yawan ji daga bakin iyaye a taron ƙungiyoyinmu. Sukan ce, yaron nan yana da kai, in an aike shi kasuwa ba ya ɓatar da canji, amma da zarar an ce ya zauna ya yi aikin gida na lissafi sai ya ɓata rai, ko ya sulale ya tafi wasa. Wasu iyaye sukan ɗauka ƙiwuya ce, sai su ɗauko bulala. Muna so mu duba wannan magana tare, gama ta shafi gidajenmu, ta kuma shafi ƙungiya. Yaran nan su ne za su riƙe littafin kuɗin ƙungiya nan gaba, su auna taki, su lissafta bashi da riba. Ƙungiyar da ba ta da mai iya lissafi, kowane ɗan kasuwa yana iya cutarta.

ME YA SA YARO MAI ƘWAZO YAKAN GAJI?

Tun da aka fara shirin ba da ilimin firamare kyauta a Nijeriya a 1976, yara suka cika makarantu, malami ɗaya yakan riƙe aji mai yawa ƙwarai. Ba shi da damar ba kowane yaro aikin da ya dace da shi, don haka yakan rubuta aiki iri ɗaya a allo domin kowa. Yaron da ya gane tun daga tambaya ta uku, dole ya yi sauran ashirin ɗin. Ku tuna yadda mutum yakan ji in an sa shi ya sake nome kunyar da ya riga ya nome.

Duk da haka maimaitawa tana da amfaninta. Yaro yana iya gane ma'anar 7 sau 8, amma in sai ya tsaya ƙirga yatsu kafin ya ce 56, zai sha wuya sa'ad da aka kai ga rabawa da manyan lambobi. Abu biyu ake bukata, ganewa da haddacewa, kuma a gida za mu iya taimakawa da duka biyun, ko da mu kanmu ba mu yi makaranta ba.

A FARA DA ABIN DA IDO KE GANI

Lissafin sau tarawa ce ta gajeriyar hanya, kuma gonarmu cike take da shi. Ku kai yaro bakin gona, ku ce masa ga kunya 6, kowace kunya tana da masara 8, nawa ke nan? Ku bar shi ya ƙirga da kansa. In ba lokacin shuka ba ne, a jera tsakuwa ko ƙwayar gyaɗa a ƙasa. Kiret ɗin ƙwai yana da layi 5, kowane layi ƙwai 6, wato 30. Gurbin dara ma haka yake, 5 sau 6.

Sa'an nan ku sa yaron ya zagaya ya tsaya a gefen jerin. Abin da ya gani layi 6 na takwas-takwas, yanzu ya zama layi 8 na shida-shida, tsakuwa kuwa ko ɗaya ba ta ƙaru ba. Da haka zai gane 6 sau 8 daidai yake da 8 sau 6. Wannan ƙaramin abu yana rage masa kusan rabin wahala.

JADAWALIN BAI KAI YAWAN DA AKE TSAMMANI BA

Yaro yakan dubi jadawalin da ke bayan littafin rubutunsa ya karaya. Ku zauna ku rage shi tare. Daga 1 sau 1 zuwa 10 sau 10 akwai amsa 100. Tun da juyawa ba ta sāke amsa, saura 55. A cire gidan 1 da gidan 10, waɗanda kowane yaro ya sani, saura 36. Gidan 2 ninki ne kawai, a cire shi, saura 28. Gidan 5 kullum yana ƙarewa da 5 ko 0, kuma yaro ya saba ƙirga biyar-biyar, saura 21.

Gidan 9 yana cikin yatsu. A buɗe hannu biyu. Domin 9 sau 4, a lanƙwasa yatsa na huɗu daga hagu. Yatsu 3 sun rage a hagunsa, 6 a damansa, amsa 36. Haka yake har 9 sau 10. In an cire wannan gida, abin da ya rage 15 ne kaɗai. Cikinsu ma, gidan 4 ninki biyu ne: 7 ya zama 14, 14 ya zama 28. Gidan 6 kuwa gidan 5 ne a ƙara ɗaya: 5 sau 8 arba'in, a ƙara 8, ya zama 48. Cikin waɗanda sukan ba yara wuya akwai 6 sau 7, da 7 sau 7, da 7 sau 8. A rubuta su da gawayi a bangon rumbu inda zai riƙa ganinsu kowace safiya.

KAƊAN KAƊAN, KOWACE RANA

A 1885 wani masani Bajamushe mai suna Ebbinghaus ya buga sakamakon gwajin da ya yi a kan mantuwa. Ya ga cewa abin da aka koya yau, yawancinsa yakan gushe da sauri in ba a sake waiwayarsa ba, kuma koyon da aka raba cikin kwanaki ya fi zama a kai bisa ga wanda aka yi a zama ɗaya. Manomi ya san wannan. Yayyafi na kwana da kwanaki yakan shiga ƙasa, ruwa mai ƙarfi na sa'a ɗaya kuwa yakan gudu ya bar gona. Minti goma kowace rana ya isa. A yi tambaya a hanyar gona, ko wajen ɓarzar gyaɗa, kuma a riƙa tsallake-tsallake, gama yaron da ya iya rera jadawali daga farko kamar waƙa sau da yawa yakan tsaya cik in an tambaye shi daga tsakiya.

IN AIKIN GIDA YA YI YAWA

1. A yi shi da sauran hasken rana, bayan yaro ya ci abinci, kafin a aike shi kiwo ko ɗiban ruwa. 'Yan mata ma a ba su wannan lokaci, kada aikin madafa ya cinye shi.

2. A raba aikin kashi-kashi. In tambaya 30 ce, ya yi 10, ya tashi ya ba kaji hatsi, ya dawo.

3. Yaro mai ƙwazo yakan yi kuskure saboda gaggawa. Kada a faɗa masa amsa. A ce masa akwai kuskure ɗaya cikin wannan layi, ya nemo shi.

4. Bulala a kan lissafi tana sa yaro ya ƙi lissafin. A yabe shi sa'ad da ya gama aiki da tsabta.

5. A je wurin malami cikin ladabi, ba a gaban yaron ba, a roƙe shi ko zai yarda yaron ya yi kaɗan daga cikin masu sauƙi, a ƙara masa biyu ko uku masu wuya. In malam bai yarda ba, yaro ya yi aikin duka. Koyon gama abin da ba ka so shi ma ilimi ne, kuma babu manomin da yake son kowane aikin gona.

A BA SHI ABIN DA ZAI TAUNA

Ana ba da labarin Gauss, babban masanin lissafi da aka haifa a Jamus a 1777, cewa yana ƙaramin yaro malaminsu ya ce su tara lambobi daga 1 zuwa 100. Shi kuwa ya lura 1 da 100 sun yi 101, 2 da 99 ma 101, haka har kashi 50. Sai ya yi 50 sau 101, ya sami 5,050. Ku ba yaronku wannan tambaya, ku ƙyale shi da ita kwana biyu kafin ku nuna masa.

Ga wata dabara ta mutanen Masar na dā, wadda ba ta bukatar kome sai ninki. Domin 13 sau 24, a riƙa ninka 24: ɗaya 24, biyu 48, huɗu 96, takwas 192. Tun da 13 shi ne 8 da 4 da 1, a tara 192 da 96 da 24, amsa 312.

Mafi kyau duka, a ba shi lissafin gona na gaske. Hekta ɗaya mita 100 ce tsawo, mita 100 faɗi. In tsakanin kunya da kunya santimita 75 ne, za a sami kunya 133. In ana shuka masara ɗaya kowace santimita 25, kowace kunya tana ɗaukar 400. To, 133 sau 400 ya zama 53,200. Buhun taki kilo 50 ne: in ƙungiya ta sayi buhu 36, kilo nawa ke nan, kuma in membobi 24 ne, nawa kowa zai samu? Yaron da ya ga amsarsa ta yi aiki a gaban manya ba zai ƙara tambaya mene ne amfanin lissafi ba.

Wani zai ce ai wayar hannu tana yin lissafi. Gaskiya ne, amma yatsa yakan taɓa lambar da ba ita ba, kuma sai mai lissafi a ka ne zai gane amsar ta kauce.

Muna roƙon shugabannin ƙungiya su kawo wannan magana a taro na gaba. Ranar awon hatsi ko rabon taki, a kira yara biyu ko uku, maza da mata, su zauna kusa da ma'aji, su yi nasu lissafin a takarda, a gwada da nasa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.