Magudanan Ruwa Biyu a Gefen Babban Hanji

A watan Agusta na 1926, wani shahararren ɗan wasan sinima mai suna Rudolph Valentino ya yanke jiki ya faɗi a birnin New York na Amurka saboda matsanancin ciwon ciki. An ɗauka ciwon afendis ne. Da aka yi masa tiyata sai aka tarar da gyambon ciki wanda ya riga ya huje. Bayan kwana takwas ya rasu yana da shekara 31. Har yau likitoci suna laƙaba sunansa ga irin wannan ruɗani, inda ɓarna take a saman ciki amma zafi ya bayyana a ƙasa ta hannun dama. Yaya haka ke faruwa?

Amsar tana cikin yadda aka shirya kayan ciki. Wani siririn tantani ya lulluɓe bangon ciki da yawancin gaɓoɓin da ke cikinsa, kuma akwai ɗan ruwa kaɗan a wurin wanda ke hana su gogar juna. Shi kuwa babban hanji yakan taso daga ƙasa ta dama, ya hau har ƙarƙashin hanta, ya gitta zuwa hagu, sannan ya gangara. Tsakaninsa da bangon ciki, a kowane gefe, tantanin nan ya lotsa ya yi wata doguwar kwata, kamar magudanar ruwan sama a gindin katanga. Duk abin da ya malala a cikin ciki, ko jini ne ko mugunya ko ruwan tumbi, waɗannan hanyoyi yake bi.

Sai dai magudanan biyu ba ɗaya ba ne. Ta dama ta fi faɗi da zurfi, kuma a buɗe take sama da ƙasa. Daga ƙasa tana haɗuwa da ramin mara, daga sama kuma tana shiga wani lungu tsakanin hanta da ƙodar dama, wanda wani likitan Ingila, Rutherford Morison, ya bayyana a 1894. Ta hagu kuwa ƙarama ce, kuma wani ninkin tantani da saifa ke zaune a kansa ya tare ta daga sama.

To, idan farkon ƙaramin hanji ya huje, ruwan da ya tsiyaye yakan taru a lungun nan na ƙarƙashin hanta, ya bi magudanar dama ya gangara daidai inda afendis yake. Can zai ƙona tantani, can kuma majinyaci zai nuna da yatsa.

Abin da ya fi ba ɗalibai mamaki shi ne ruwan yana iya hawa sama. Faffaɗar tsokar da ta raba ƙirji da ciki tana motsi da kowane numfashi, kuma matsin da ke ƙarƙashinta bai kai na ƙasan ciki ba, saboda haka sai ta riƙa zuƙo ruwa. Ta haka mugunyar afendis da ya fashe, ko ta hanjin da zazzaɓin taifot ya huda, abin da asibitocinmu suka sani sarai, take iya zuwa ta yi ƙurji a saman hanta, nesa da inda cutar ta faro.

Likitoci sun daɗe da cin moriyar wannan sani. Tun a 1900 George Fowler na Amurka ya ba da shawarar a riƙa jingine irin waɗannan majinyata a kishingiɗe, domin mugunya ta gangara mara, inda ya fi sauƙin zuƙe ta. A yau ma, idan aka kawo wanda ya yi haɗarin mota, lungun Morison na cikin wuraren da ake fara ɗora na'urar sikanin, domin ga mutumin da ke kwance rigingine nan ne jini ya fi saurin taruwa a saman ciki.