Dagona: Ƙauyen da Ambaliya Ke Ciyarwa

Wanda ya bi hanyar Nguru zuwa Gashuwa da rani zai rantse yankin nan ba shi da komai sai rairayi da goruba. Sai ya saki kwalta ya nufi Dagona, a Ƙaramar Hukumar Bade, sannan zai ga ruwa kwance a tsakiyar fari.

Dagona ƙauyen Badawa ne, ƙarƙashin Mai Bade da ke Gashuwa. Harshensu ɗan'uwan Hausa ne a zuriyar harsunan Cadi, ko da yake Bahaushe ba zai tsinci komai ba idan dattawa biyu suka ɓarke da hira. Tsohuwar fadarsu Gogaram ce, inda ake bikin kamun kifi na masarautar.

Tafkin Dagona kuwa tsohon hannun kogi ne da ya yanke. Ruwan da ke cika shi na Haɗeja da Jama'are ne, waɗanda ke malala cikin fadamu kafin su zama kogin Yobe. Da hunturu agwagin daji da suka tsere wa sanyin Turai sukan keto Sahara su sauka nan, su tarar da 'yan gida: kirinjijiya, ɗinya, zalɓe, kwasakwasa. Su suka jawo Yarima Filip, mijin Sarauniyar Ingila ta lokacin, a 1989. Daga baya wurin ya shiga Gandun Dajin Ƙasa na Tafkin Cadi, kuma a 2008 aka sa shi cikin dausayoyin da yarjejeniyar duniya ta Ramsar ke karewa.

Sai dai baƙo tsuntsu yake zuwa kallo, ɗan gari kuwa ruwa yake duba. Ambaliyar da wasu ke kira masifa, a nan ita ce shinkafa, ita ce tarwaɗa, ita ce ciyawar da Fulani ke kora shanu dominta. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, lokacin zuwan ruwan kogin Haɗeja da yawansa suka koma hannun masu buɗe ƙofa a Kano. Ciyawar kacala kuma ta toshe hanyoyin ruwa a sassan fadamar: wani gari ya nutse, wani ya bushe.

A ganina, kare tsuntsun Dagona ba a bakin tafki yake farawa ba. Hukumomin da ke riƙe da madatsun nan su riƙa sakin ruwa a kan kari, su kuma saurari masunta da manoman Bade kafin su taɓa ƙofa.