Tsofaffin Hotunanmu Sun San Rana, Ba Su San Wuri Ba

Da wuya a shiga gida a zangunan Ghana ba a tarar da faifan CD ko katin ajiya ko tsohuwar kwamfuta cike da hotunan da aka ɗauka tsakanin 2003 da 2010 ba, wato lokacin da ƙananan kyamarorin Sony da Canon da Kodak suka cika wuraren biki. Suna ne, aure ne, saukar karatu, maulidi, tarbar alhazai, duk an ɗauka an ajiye. Amma a tambayi yaro ɗan shekara ashirin ina ne nan, sai ya ce bai sani ba. Su kuwa dattijan da suka sani kullum raguwa suke yi, unguwannin ma ba sa tsayawa yadda suke. An rushe wani sashe na Old Fadama a 2015, an share filin 'yan gwangwan na Agbogbloshie a 2021, tsohuwar tashar Kejetia a Kumasi ta zama sabuwar kasuwa.

Kowane hoto na kyamarar zamani yana ɗauke da wani ɓoyayyen rubutu a cikinsa da ake kira Exif. A nan kyamara take rubuta ranar ɗauka da lokaci da sunanta. Akwai kuma gurbin lambobin wuri guda biyu, ɗaya ta nisa arewa ko kudu, ɗaya ta nisa gabas ko yamma. Galibin kyamarorin wancan zamani ba su da GPS, don haka gurbin ya zauna wayam. Sai da wayoyi irin iPhone 3G ta 2008 suka yaɗu hotuna suka fara zuwa da wurinsu. To gurbin yana nan har yau, kuma ana iya cike shi ga ɗaruruwan hotuna a lokaci guda ba tare da an taɓa kyan hoton ba.

Babban aikin a bakin dattijai yake, ba a kwamfuta ba. Da farko a kwafe komai a ajiye gefe. Sannan a jera hotunan bisa kwanan wata, domin hotunan biki ɗaya a rana ɗaya ake ɗaukarsu, yawanci kuma a wuri ɗaya. Sai dai a lura, kyamarori da yawa idan batir ya mutu agogonsu yakan koma farko, shi ya sa za a ga bikin 2008 da kwanan watan Janairun wata shekara can baya. Irin waɗannan lambar da kyamara ta ba kowane hoto ita za a bi. Daga nan a zauna da Baba ko Hajiya, a buɗe hoto biyu ko uku daga kowane rukuni, su faɗi ƙofar gidan wa ne, ko wane masallaci. Sai a nemo wurin a Google Maps, a danna a riƙe, lambobin su fito. Manhajar GhanaPostGPS da aka ƙaddamar a 2017 ma tana nuna su idan mutum ya je ya tsaya a wurin.

Wajen zuba lambobin akwai manhajoji na kyauta. A digiKam da GeoSetter ana zaɓar hotuna da yawa, a sa alama a taswira, a ajiye, shi ke nan. ExifTool kuwa, wadda Phil Harvey ya fara fitarwa a 2003, umarni ake rubuta mata, layi ɗaya ya wadatar da folda guda, kuma tana barin kwafin asali na kowane hoto. A ganina digiKam ta fi dacewa da matasanmu, tunda mutum yana ganin abin da yake yi. Google Photos ma tana bari a sa wa hotuna wuri, amma a rumbunta take riƙe bayanin, ba ta rubuta shi cikin hoton ba. Wanda ya yi aikin wata guda a can zai iya sauke hotunansa ya tarar gurbin bai cika ba.

Akwai wani tarko da ya fi kama mu mazauna Ghana. Layin Girinwic da ya raba duniya gabas da yamma ta Tema ya ratsa. Accra da Kumasi suna yamma da shi, don haka lambarsu ta biyu dole ta zo da harafin W ko alamar ragi a gabanta. Nima tana wajen 5.58 arewa, 0.20 yamma. In aka manta alamar, hoton suna da aka yi a Nima zai faɗa cikin teku daura da Ningo. Na Kumasi kuma, mai 1.62 yamma, ya tsinci kansa wajen iyakar Togo da Benin. In kuwa aka bar sifili a duka biyun, hoton zai tafi tsakiyar teku, kusan kilomita 600 kudu da gaɓarmu. Hotunan Hajji ba su da wannan matsala: Ka'aba tana 21.4225 arewa, 39.8262 gabas.

Kada kuma a ƙirƙiri tabbacin da babu. Lamba huɗu bayan ɗigo tana nuna wuri cikin kusan mita 11, uku mita 110, biyu kuwa sama da kilomita ɗaya. Idan dattijo ya ce a Sabon Zango ne amma ya manta gidan, a sa tsakiyar unguwar, a rubuta a gurbin bayani cewa ƙiyasi ne, da sunan wanda ya faɗa.

Sai batun rabawa. Hoton da aka tura ta WhatsApp a matsayin hoto yakan isa babu Exif, aikin ya tafi a banza. A matsayin takarda ake tura shi in ana so lambobin su bi shi zuwa ga 'yan uwa a Landan ko Jidda. Amma wanda ya karɓa ya karɓi ƙofar gidan ne, saboda haka hotunan cikin gida, musamman na mata da yara, a nemi izinin masu gida kafin su fita da lambobinsu.