Mai Ciwon Sukari Da Azumin Ramadan: Tsakanin Binciken Likitoci Da Hukuncin Malamai

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da iyalansa da sahabbansa.

Duk shekara idan Sha'aban ya raba, akwai tambayar da ba ta yanke mana a ƙofar masallaci: "Malam, ina da ciwon sukari, in yi azumi ko in sha?" Da yawa daga masu tambayar sun riga sun ƙudurta yin azumin, albarkarmu kawai suke nema. A wani Ramadan da ya wuce, wani dattijo daga ma'abota sahun farko ya yanke jiki ya faɗi ana cikin sallar La'asar. Da aka auna jininsa a asibiti, sai aka tarar sukarinsa ya yi ƙasa ƙwarai. Ya sha ƙwayarsa da sahur kamar yadda ya saba sha da karin kumallo, ya fara jin jiri da gumi tun azahar, amma ya daure don gudun ɓata azumi. Cikin ikon Allah ya farfaɗo. Tun ranar muka fahimci cewa malami ba zai iya amsa wannan tambaya daidai ba sai ya san abin da takardar ɗakin gwaje-gwaje ta nuna.

Abin da ke faruwa a jikin mai azumi

A bayan tumbi akwai wata gaɓa da likitoci ke kira fankiriyas. Ita ke fitar da sinadarai biyu masu daidaita sukarin jini. Na farko shi ne insulin, wanda ke shigar da sukari cikin tsoka da sauran sassan jiki bayan an ci abinci. Na biyu shi ne gulukagon, wanda ke umartar hanta ta saki sukarin da ta adana idan yunwa ta zo. Mai lafiya idan ya ɗauki azumi, insulin ɗinsa yakan ragu, gulukagon ya ƙaru, sai jini ya zauna daidai har faɗuwar rana.

Wannan ma'auni ne ke lalacewa a jikin mai ciwon sukari. A nau'i na farko jiki ba ya samar da insulin, dole sai da allura. Kafin Frederick Banting da Charles Best su tace insulin a Toronto ta ƙasar Kanada a 1921, wannan nau'i ajali ne, kuma a Janairun 1922 aka fara yi wa wani yaro ɗan shekara 14 allurar, ya rayu. A nau'i na biyu, wanda shi ne ya fi yawa, insulin ɗin yana nan amma jiki ba ya amsa masa yadda ya kamata. To idan mutum ya sha magani mai sauke sukari sannan ya wuni ba ci ba sha, sukarin na iya faɗuwa har ya suma. Idan kuma ya rage maganin da kansa, ya cika ciki da kunu mai sukari da lemo da ƙosai a buɗa-baki, sukarin na iya hawa ya haɗu da ƙishirwa, musamman a shekarun da azumi ke faɗowa cikin zafin bazara.

Abin da bincike ya gano

An daɗe ana magana a kan wannan da zato, har aka yi wani babban bincike mai suna EPIDIAR. An tattara bayanansa a kan Ramadan na 2001, aka buga shi a mujallar Diabetes Care a 2004, da sunan Dakta Ibrahim Salti na Beirut a kan gaba. Ya shafi marasa lafiya fiye da 12,000 a ƙasashe 13, ciki har da Masar, Saudiyya, Maroko, Turkiyya, Pakistan da Indonesiya. An gano cewa kashi 43 cikin ɗari na masu nau'i na farko, da kashi 79 cikin ɗari na masu nau'i na biyu, sun azumci aƙalla kwana 15. An kuma gano cewa faɗuwar sukari mai tsanani, irin wadda ke kai mutum gadon asibiti, ta ninka sau 4.7 ga masu nau'i na farko, ta ninka sau 7.5 ga masu nau'i na biyu.

Darasi biyu ke cikin waɗannan alƙaluma. Musulmi suna yin azumi ko da likita bai so ba, kuma haɗarin gaskiya ne. Daga nan masu bincike suka koma neman yadda za a rage haɗarin. A wani bincike da aka yi a Landan mai suna READ, wanda aka buga a 2010, an koya wa rukuni ɗaya na masu nau'i na biyu yadda za su tsara abinci da magani da gwajin jini kafin azumi, ɗaya rukunin kuwa bai halarci karatun ba. A rukunin da aka koyar faɗuwar sukari ta ragu, a ɗayan kuwa ta ninka sau huɗu. Wasu binciken sun nuna cewa magunguna ba ɗaya suke ba: metformin ba kasafai yake kayar da sukari ba, amma glibenclamide, wanda ya yawaita saboda araha, ya fi gliclazide wannan haɗari.

Akwai kuma gwajin HbA1c, wanda asalinsa aikin Dakta Samuel Rahbar ne a Tehran a 1968. Sukari yakan manne wa jajayen ƙwayoyin jini, su kuwa sukan rayu kimanin kwana 120, don haka gwajin ke nuna halin da mutum ya kasance cikin wata biyu zuwa uku da suka wuce. Mutum na iya cewa yana jin garau, gwajin ya nuna akasin haka. Sai dai masu sikila su sanar da likita, domin tana iya karkatar da sakamakon.

Inda fiƙihu ya tsaya

Allah Maɗaukaki Ya yi wa mara lafiya rangwame a Suratul Baƙara, aya ta 184 da 185, Ya kuma bayyana cewa sauƙi Yake nufi da bayinsa. Malaman mazhabar Malikiyya sun rarrabe: wanda ke tsoron cutar ta ƙaru ko warkewa ta yi jinkiri, ya halatta ya sha, wanda ke tsoron halaka ko cutarwa mai tsanani, shan azumin wajibi ne a kansa. Ana sanin wannan tsoro ta hanyar abin da mutum ya jarraba a jikinsa ko faɗar ƙwararren likita amintacce. Ashe tun asali shari'a ta bar wa likita gurbi a cikin hukuncin.

A kan wannan tushe Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na 19 a Sharja a 2009, ta fitar da ƙuduri mai lamba 183 tare da taimakon likitoci. Ta kasa masu ciwon sukari gida huɗu gwargwadon haɗari, ta hukunta cewa gida biyu na farko, masu haɗari mafi girma, wajibi ne su sha, sauran biyun kuwa su yi azumi. A 2016 Tarayyar Ƙungiyoyin Ciwon Sukari ta Duniya da ƙawancen DAR suka fitar da jagora, suka sabunta shi a 2021 da ma'auni mai duba abubuwa 14, kamar nau'in ciwon, daɗewarsa, irin magani, lafiyar ƙoda da zuciya, juna biyu, nauyin aiki da tsawon wuni. Jagoran ya ce a ga likita mako shida zuwa takwas kafin Ramadan, wato tun cikin Rajab. Ya ce mai azumi ya karya nan take idan sukari ya sauka ƙasa da 70 a ma'aunin mg/dL, ko ya haura 300, ko ya ji alamun faɗuwarsa kamar rawar jiki, gumi da ruɗewa.

Soke yatsa don auna sukari ba ya karya azumi. Haka ma allurar insulin, domin majalisar ta riga ta bayyana a zamanta na Jidda a 1997 cewa allurar magani wadda ba ta ciyarwa ba ta karya azumi.

Nauyin da ke kanmu

Abu Dawuda ya ruwaito daga Jabir labarin wani sahabi da ya ji rauni a ka a halin tafiya, janaba ta same shi, abokan tafiyarsa suka ce ba su ga yana da rangwamen taimama ba. Ya yi wanka, ya rasu. Da labarin ya isa ga Annabi, sallallahu alaihi wasallam, ya yi musu faɗa mai tsanani, ya ɗora alhakin mutuwarsa a kansu, don sun ba da fatawa ba su tambaya ba. Wannan hadisi ya isa ya tsoratar da duk wanda ke hawa mumbari ya ce da mai ciwon sukari "ka yi tawakkali kawai", ko ya sa shi ya ajiye allurarsa ya koma jiƙo.

Muna kira ga 'yan'uwanmu limamai da masu tafsiri su gayyato likitoci masallatai tun cikin Rajab, su kuma daina ba da amsa ɗaya ga kowa. Iyalai su bar yi wa wanda ya sha azumi bisa uzuri kallon mai raunin imani. Wanda zai iya ramawa ya rama a kwanakin sanyi da shawarar likitansa, wanda kuma aka tabbatar ba zai iya ba har abada ya ciyar da miskini a madadin kowace rana. Ga likitocinmu da jami'o'inmu kuma, babu ƙasar Afirka ta Yamma ko ɗaya cikin ƙasashe 13 na EPIDIAR. Muna buƙatar binciken da zai duba tuwonmu da furarmu da zafin ƙasarmu, kuma masu hali su sani ɗaukar nauyin irin wannan aiki sadaka ce mai gudana.

Allah Ya bai wa marasa lafiyarmu lafiya, Ya karɓi ibadarmu, Ya tsare harsunanmu daga faɗar abin da ba mu da ilimi a kai. Allah ne Mafi sani.