Wa Ke Duba Mai Jinya?

A gidajenmu, idan aka zo dubiya, a kan mara lafiya gaisuwa take ƙarewa. "Ya mai jiki?" "Da sauƙi." "Allah ya ƙara afuwa." Ita kuwa wadda ta kwana a zaune a bakin ƙofa, sai a ce mata sannu da ƙoƙari, a shuri takalmi a tafi. Idan zazzaɓi ne na kwana uku, babu laifi. Amma akwai ciwon da jinyarsa ba ta ƙarewa ranar da aka sallamo mutum daga asibiti, kuma ciwon da likitoci ke kira baifola yana cikinsu.

Larura ce ta ƙwaƙwalwa mai ɗaga mutum sama, ta kuma dawo ta fyaɗa shi da ƙasa. In ta ɗaga shi, sai ya yi mako guda ko fiye barcinsa bai wuce awa biyu ko uku ba, kuma ba ya jin gajiya. Surutu ba birki, kyauta ba lissafi, fushi a kusa, ga shi yana jin babu wanda ya kai shi. In ta sauke shi, sai ya shafe makonni ko watanni ko wanka yana yi masa wuya, har ya fara ganin mutuwa ta fi masa. A tsakanin biyun kuwa sau da yawa lafiyarsa ƙalau, yana koyarwa, yana kasuwa, yana limanci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum kusan miliyan 40 ne ke da ita, kuma galibi tun a ƙuruciya take fara bayyana. Ke nan jinya ce ta shekaru masu yawa, kuma a wajenmu yawanci a wuyan mace ɗaya take ratayewa: uwa, ko mata, ko babbar ya.

A dubi matar mai shagon da ciwonsa ya tashi. Cikin kwana goma ya rabar da rabin kayan shago, ya ciyo bashin babura zai buɗe sabuwar harka, ya kwashe kuɗin adashen da aka ba shi ajiya. Wata rana da tsakar dare ma ya furta saki, gari ya waye ana neman malamin da zai warware. Ita ce mai ɓoye katin banki da makullin babur. Ita ce mai ƙirga ƙwayoyin magani ta ga ko ya sha ko ya tofar a bayan gida. Kunnenta yana kan ƙofa ko tana salla. Idan ya sauka, kunya ta hana shi fita, masu bin bashi kuma ita suke yi wa sallama. Sannan ba ta da bakin faɗa wa kowa, saboda akwai 'yan mata a gidan, kada a ce zuri'ar masu taɓin hankali ce samari su gudu. Wannan ɓoyon, a ganina, ya fi aikin kansa cin rai.

Jiki kuwa ba ya ƙarya. Rashin barci na dogon lokaci da zaman fargaba suna ingiza hawan jini, suna kawo ciwon kai da ciwon jiki, kuma bincike ya sha nuna cewa masu jinyar irin wannan larura sun fi sauran jama'a faɗawa ciwon damuwa. Wani lokaci har mai jinya ta riga mara lafiyan kwanciya.

Wani zai ce ai mara lafiya ne abin ji, ita ta yi haƙuri, lada take samu. Ladar tana nan, amma maganar ta bar wani abu a baya. A wani bincike da aka yi a Basalona ta ƙasar Sifaniya, aka wallafa a 2008, likitoci sun tara 'yan'uwan masu baifola su kaɗai, ban da marasa lafiyan, suka yi musu zama 12 na koyar da yadda ciwon yake da yadda ake zama da mai shi. Da aka bibiya, marasa lafiyan da aka koyar da danginsu sun fi sauran daɗewa ciwon bai tashi ba. A Amurka ma aikin David Miklowitz ya nuna cewa a gidan da ake yawan gori da tsawa da ɗora laifi, ciwon ya fi saurin dawowa. To wa ke tsawa in ba wanda ya gaji ba? Hutun mai jinya yana cikin maganin mara lafiya, kamar yadda ƙwayar da yake haɗiya take ciki.

Don haka barci ne farkon abin da za a ceto mata. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, mu kuma Allah ya ba mu yawan dangi, sai dai yawan namu a wajen biki ya fi fitowa. A daina cewa "in ana buƙatar wani abu a faɗa", don ba za ta faɗa ba. A zauna a raba aiki da suna: ƙanen miji ya karɓi daren Talata da na Juma'a, yayan da ke aiki a birni ya ɗauki kuɗin magani duk wata, wani ya riƙa kai shi ganin likita. A kuma kiyaye cire yarinya daga makaranta don ta zauna da mahaifiyarta. Ciwo ɗaya ne, kada ya ci mutum biyu.

Lokacin da mara lafiya yake cikin hayyacinsa shi ne lokacin shawara. A zauna da shi a rubuta alamomin da ciwonsa ke fara nunawa, wa zai riƙe katin banki in sun bayyana, wane asibiti za a nufa, wa za a kira. In da yardarsa aka tsara, ranar da abin ya zo mai jinya ba za ta ji kamar ta ci amanarsa ba. Asibitocin suna nan: na Barnawa a Kaduna, na Kware a Sakkwato, na Maiduguri, na Dawanau a Kano, da sassan ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya. Likitocin fannin kaɗan ne ƙwarai, layi kuma dogo, saboda haka a je da tambayoyi a rubuce. Mai jinyar ma ta miƙa hannu a auna jininta tunda ta riga ta zo. A farkon 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Najeriya, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kuma tabbatar wa mai larura haƙƙin a kula da shi cikin mutunci. Sai dai doka kaɗai ba za ta kwance mari daga ƙafar kowa ba. Yawancin masu ɗaure ɗansu ba mugaye ba ne, mutane ne da suka gaji ba su sami mai karɓarsu ba.

Sanin magani ma yana rage fargaba. Mai shan litiyom yana buƙatar gwajin jini lokaci-lokaci, kuma ƙarancin ruwa a jiki yana iya sa maganin ya taru ya zama guba. A zafin Afrilu, ko in azumi ya gabato, a tuntuɓi likita tun da wuri. Amai da gudawa da karkarwa mai tsanani ko tangaɗi, asibiti ne nan take. Mace mai wannan larura kuma, makonnin farko na jego suna da haɗari a gare ta, barcinta ya fi komai muhimmanci, sai a samo mai taya ta rainon dare. Addu'a ba ta hana shan magani, kuma ba a daina maganin don an ga sauƙi.

In mara lafiya ya fara zancen kashe kansa, a ɗauka da gaske: a kawar da fiya-fiya da shinkafar ɓera da tarin magunguna, kada a bar shi shi kaɗai, a garzaya asibiti. In kuma abin ya kai ga duka, mai jinya ta kwashi yara ta shiga maƙwabta ta kira maza. Ba butulci ba ne.

Ke kuma mai jinya, kada ki ajiye Islamiyyarki da 'yar sana'arki da zuwa gidan ƙawa. Jin haushi ko gajiya ba ya nufin ba kya ƙaunarsa. Idan kika yi mako biyu abinci ba ya shiga, kuka na zuwa babu dalili, ko kika ji rayuwa ta fita daga ranki, ki faɗa wa likitan nan da kike kai shi wurinsa. Aikinsa ne ya duba ki.

Mai karatu, in a danginku akwai gidan da ake wannan jinya, kada ka jira a neme ka. Ka je cikin makon nan ka karɓi kwana ɗaya, ta samu ta yi barci.